Hannun da Bai Yi Rawa Ba

Duk wanda ya san Ba Konto a Ngelari, tun garin bai watse ba, da zabira a kafaɗa ya san shi. Wanzami ne ɗan wanzami, jikan wanzami. A garin nan da wuya ka sami namijin da ba askar gidansu ce ta fara taɓa kansa ranar suna ba. Ga shi da baki. Yana cikin wanzaman nan da za su jiƙa maka kai, su bar ka zaune ruwa na gangara maka a wuya, sai sun kai ƙarshen labarin da suka ɗauko. Amma ana haƙuri da shi saboda hannunsa. In ya ɗora aska a kan jariri ɗan kwana bakwai, sau tari yaron ko farkawa ba ya yi.

Wancan Ba Konton ke nan. Na yanzu, wanda ya shekara shida a wata unguwa ta bayan birnin Yerwa, gawayi yake sayarwa a gindin darbejiya, kuma kullum bayansa na jingine da katanga don kada wani ya ɓullo masa ta inda ba ya gani. Ba ya shan shayin da ba a gabansa aka haɗa ba. In taya ta fashe a bakin titi, kafin ka juya ya riga ya kwanta a bayan buhunan gawayi, sa'an nan ya miƙe yana kakkaɓe riga yana hararar duk wanda ya gan shi. Mu da muka saba da doguwar gaisuwa, a tambayi gida, a tambayi gajiya, a sake komowa kan gida, dole muka koyi gajarta masa. Da ka wuce tambaya uku zai fara auna ka da ido, yana neman gano wanda ya aiko ka.

Kowa ya san dalili, ko in ce kowa ya san rabinsa. Lokacin da mutanen daji suka kama Ngelari wata tara suka yi a ciki, kuma wata taran nan Ba Konto ne wanzaminsu. Ba roƙonsa suka yi ba. Da aka ƙwato garin aka kwaso mutane zuwa Yerwa, masu tantancewa suka zaunar da shi kwana goma sha ɗaya, suna tambaya suna rubutawa, kafin suka sallame shi. Tun daga nan ya tsani biro da takarda. Matarsa ta rasu a sansanin gudun hijira, 'yarsu Kellu kaɗai ta rage masa. Askar kuwa, ranar da ya fara buɗe ta a Yerwa zai yi wa wani dattijo gyaran fuska, hannunsa na dama ya kama rawa har ta suɓuce ta faɗi ƙasa.

Abin haushin shi ne, hannun lafiyarsa ƙalau. Yana auna gawayi, yana jan carbi, yana cin tuwon biski ba tare da ya zubar ba. Aska ce kawai ba ya so. To wane irin ciwo ne zai tsallake komai ya zaɓi sana'ar mutum? Ba Konto bai sha wahalar neman amsa ba: jifa ne. Ya ɗora zargin a kan wani mai shagon aski da inji a ƙarshen layi, bawan Allah da ko sunan Ba Konto bai sani ba. Ya sha rubutu har cikinsa ya gaji, ya yi hayaƙi har Kellu ta ce kayan sawarta duk ƙauri suke yi. Hannu dai ya ce bai san zancen ba. Daga ƙarshe ya naɗe zabirar a tsumma ya tura ta ƙasan akwati.

Sai dai ba mai injin aski ya fi tsoro a duniya ba. Wadda ya fi tsoro ita ce Ya Amsa, matar amininsa Mele. Shi da Mele rana ɗaya aka yi musu kaciya, gaban malami ɗaya suka yi karatu, kuma Mele na cikin waɗanda aka kashe a watannin nan tara. Akwai abin da ya faru ranar da aka kashe shi, wanda Ba Konto bai taɓa gaya wa ko matarsa ba. Sai ga shi Allah ya haɗa su surukuta: Abatcha, ɗan Mele, mai tuƙa keke napep, ya nemi Kellu, ita ma tana so, aka ɗaura. Daga nan babu yadda zai kauce wa Ya Amsa. Ita kuwa tana da wata ɗabi'a da ke hana shi sakat. In suna gaisawa ba fuskarsa take kallo ba, hannunsa na dama take kallo. Shekara shida tana kallon hannun nan ba ta ce uffan ba, shi kuma ya gama yanke hukunci cewa wani ya tsegunta mata, rana kawai take jira.

A ganinsa ranar ta zo lokacin da cikin Kellu ya kai wata huɗu. Ya je duba ta, Abatcha ya tsuguna ya ce, "Baba, in Allah ya ba mu namiji, sunan mahaifina za mu sa." Ya Amsa na gefe tana tsinke yakuwa, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Askin suna kuma kakansa ne zai yi," ta ce. "Ba za a kawo mana mai inji ya yi wa Mele gurnani a ka ba."

"Ya Amsa, ai na ajiye aska."

"Inda ka ajiye ta ba ta nan? Ko ɓera ya cinye?"

"Hannun ne..."

"Na san hannun." Ta ɗago ta dube shi, wato ta dubi hannun. "Wata biyar gare ka, Wanzam."

Ya koma gida yana juya maganar. Tarko ne, ko shakka babu. So take ya tsuguna a gaban mutane, da takwaran Mele a gabansa, hannun ya tona masa asiri. In kuwa ya ƙi, jikansa na fari zai zama na farko a zuriyarsu da baƙuwar aska ta taɓa, unguwa kuma ta sami abin taunawa: me ya hana shi taɓa mai sunan Mele? Ban da wannan duka, yana so. Wannan ne ma ya fi ci masa rai. Yana son ya ji kan yaron nan a tafin hannunsa fiye da duk wani abu da ya rage masa a duniya.

Kellu ce ta ja shi. A asibitin da take zuwa awo akwai wani ɗaki a ƙarshen baranda, inda wani ma'aikaci ke zama da mutanen da abin da suka gani ya hana su zaman lafiya. Ta ce ya raka ta don Abatcha ya fita aiki. Suna isa ta nuna masa ƙofar.

"Baba, in ba ka shiga can ba, ni ma ba zan shiga layina ba. Mu zauna a nan har a tashi."

Gadon taurin kai ta yi, kuma ya san wajen wa. Ya shiga.

Malam Anjili mutumin Biu ne, gajere, mai tabarau, shekarunsa ba za su wuce arba'in ba. Akwai littafi da biro a kan teburinsa, kuma Ba Konto ya ga biron kafin ya ga mutumin.

"Baba, bismillah, ga kujera."

Kujerar ta ba ƙofa baya. Ba Konto ya ɗauke ta cak ya kai jikin bango, ya zauna yana fuskantar ƙofa.

"Wa kake wa aiki?"

"Asibiti."

"Ita asibitin wa take wa aiki?"

Malam Anjili ya yi dariya. "Haba Baba, ni aka ɗauka in yi tambaya, ka zo za ka raba ni da abincina."

"Allura kake yi ko ƙwaya kake bayarwa?"

"Ko ɗaya. Magana muke yi."

"Magana." Ba Konto ya jinjina kai. "Na taɓa zama da masu magana. Su ma irin wannan biron gare su."

Ranar bai faɗi komai ba sai zancen hannu, kuma ya ce shi mutumin Gubio ne. Aka miƙo masa shayi ya ce ya ƙoshi. Mako na zagayowa sai ga shi ya dawo da ƙafarsa, yana gaya wa kansa cewa ya zo ne ya gano abin da ake ƙullawa. Ya tarar an riga an ajiye kujera a jikin bango, ƙofa a buɗe, ga kuma ɗan risho a ƙasa. Malam Anjili ya haɗa shayin a gabansa, ya zuba kofi biyu, ya fara kurɓar nasa. Da wani ne da ya ji daɗi. Ba Konto kuwa zarginsa ne ya ƙaru, domin wannan alama ce ta mutumin da ke lura, kuma bai taɓa ganin mai lura da ba shi da wanda yake kai wa rahoto ba.

"Me kake rubutawa a kaina?"

Malam Anjili ya rufe littafin ya miƙa masa. "Naka ne kai kaɗai, babu sunan kowa a ciki. Tafi da shi, ka riƙa zuwa da shi. In ka ga dama ka hura gawayi da shi."

Da la'asar ya kai wa Kellu, ita da ta yi boko, ya ja ta bayan ɗaki ya ce ta karanta a hankali.

"An rubuta, 'Yana son ganin ƙofa, a bar ta a buɗe. Ba ya shan abin da bai ga haɗinsa ba.'" Ta toshe baki da gyale. "'Ya ce shi mutumin Gubio ne. Ba na jin haka ne, amma kada a matsa masa.' Baba! Yaushe muka koma Gubio?"

"Ke, karanta abin da ke gabanki."

"'Da ya ce shi wanzami ne sai da ya gyara zama.' Shi ke nan."

"Juya baya. Babu lamba? Babu hatimi?"

"Babu."

"Wayo ne," in ji Ba Konto. Amma a zama na uku ya sha shayin, ya kuma ce sukari ya yi kaɗan.

A hankali Malam Anjili ya fara yi masa bayani, ba da manyan kalmomi ba. Ya ce akwai firgitar da kan zo wa mutum sau ɗaya, kamar haɗarin mota, ta bar masa tabo. Akwai kuma wadda ake ɗura wa mutum kullum safiya, wata da watanni, ba hanyar gudu, ba halin ihu. Wannan ta biyun ita ce ke koya wa mutum zargin kowa, ta ƙare da koya masa zargin kansa. Ya ce jikin Ba Konto kamar maigadi ne da aka sa tsaron ƙofa a Ngelari, aka watse aka manta ba a gaya masa an tashi ba.

"To ba jifa ba ne?"

"Ni ban san aikin jifa ba, Baba. Amma na zauna da direban da ba ya iya riƙe sitiyari, da uwar da ba ta iya jin ƙaurin girki. In jifa ne, mai jifan nan ba ya hutawa."

Ya koya masa abin da zai yi in abin ya taso: ya dasa tafin ƙafarsa a ƙasa, ya ja numfashi ya sake shi a hankali, fitar ta fi shigar tsawo, ya kira sunan abu biyar da idonsa ke gani a nan inda yake. Ba Konto ya ce wannan wasan yara ne. Amma ranar da wata babbar mota ta yi ƙara a bakin titi ya gwada a ɓoye. Buhu, mudu, darbejiya, akuya, takalmin wani. Ya tarar da kansa a zaune, bai kwanta ba. Bai gaya wa Malam Anjili ba, kada ya ji daɗi.

Sai aka zo kan zabira. Makon farko kawo ta kawai ya yi, aka ajiye a kan tebur suna hira. Na biyu ya riƙe askar a rufe. Na uku ya buɗe ya wasa ta a fata, hannu na rawa, yana numfashi har rawar ta lafa. A mako na huɗu Malam Anjili ya kawo ƙwarya ya kife, ya shafa mata sabulu, ya ce a yi mata aski. Ba Konto ya ɗora hannun hagu a kan ƙwaryar, ya ji santsin sabulu da zagayenta a tafinsa, sai ɗakin ya ɓace masa. Ya ji warin tsakar gidan bulama, mai garinsu na Ngelari, ya ji kukan ƙudaje. Ya yi jifa da askar ta daki bango.

"Da gangan ka yi! Wa ya gaya maka? Ita ta aiko ka, ko?"

"Wa, Baba?"

Ba Konto ya ɗauko askar a ƙasa. Ya kwashi kayansa ya fita, ya yi mako biyu bai leƙo ba. A cikin mako biyun nan ya haɗa lissafinsa tsaf: Ya Amsa ta haɗa baki da ɗan Biu, Kellu kuma an yi amfani da ita ba ta sani ba. Ga wata shaida ma. Tun ranar da ya fara zuwa, Malam Anjili bai yi aski ba, suma ta taru masa buzu-buzu. Wane ma'aikacin kirki ne zai bar kansa haka kamar ɗan daji? Abin da ya rusa masa lissafin shi ne cikin Kellu, wanda bai tsaya jiran kowa ba. Ya gan ta ta miƙe daga tabarma da ƙyar tana dafa bango, ya ƙirga watanni da yatsa, ya ga saura biyu.

Da ya koma, Malam Anjili ne ya fara magana. "Na yi gaggawa da ƙwaryar nan, Baba. Laifina ne, ka yi haƙuri."

Ba Konto ya zo da shirin faɗa, sai ya rasa inda zai sa shi. A cikin masu biro da ya sani babu wanda ya taɓa ba shi haƙuri. Ya zauna a kujerarsa ta jikin bango.

"In na faɗa maka abu, ina zai je?"

"Nan zai tsaya. Kuma duk inda ka ce a tsaya, za a tsaya."

"Ajiye biron."

Ya ajiye.

Ranar Juma'a ce, in ji Ba Konto. Da asuba aka kama Mele yana ƙoƙarin fitar da iyalinsa ta gonaki. Saboda haka aka tattara matan unguwar aka kulle a wani ɗaki a gidan bulama, har da Kellu. Shugaban mutanen dajin yana kan kujera a tsakar gida, Ba Konto na yi masa aski kamar kowace Juma'a. Tun ranar farko mutumin ya gaya masa, duk ranar da ya ga jininsa a jikin aska, da Kellu za a fara. An yi rabin kai aka shigo da Mele a ɗaure. Mele ya dube shi. Mutumin ya ɗaga yatsa ɗaya, ko kansa bai motsa ba, ya ce, ci gaba, wanzami. Taku biyar ne tsakaninsu da inda aka yi abin.

"Na ci gaba, Malam. Na gama masa kai, na rage masa gashin baki, na shafa masa ruwa. Ko ƙwarzane babu. Maƙogwaronsa na nan, yatsa biyu daga askata. Hannun nan bai yi rawa ba. Ko kaɗan. Wane irin mutum ne za a yanka amininsa a gabansa hannunsa ya ƙi rawa?"

Malam Anjili ya ce, "Kellu na cikin ɗakin."

"Kada ka wanke ni, ba wanki na kawo ba! Na sani. Na zaɓi 'yata na bar mijin Ya Amsa. Yanzu kuma ina cin tuwon gidanta."

"Ba zan wanke ka ba. Abu ɗaya zan ce. Hannun nan ya so ya yi rawa ranar, ka hana shi, don dole. Yanzu ya ga an sami wuri, shi ne yake yin abarsa."

Ba Konto ya dubi hannun a kan gwiwarsa. Sai kuka ya zo masa, irin na manya, mai fita da ƙyar kamar tari. Rabonsa da hawaye tun kafin a kama Ngelari, ko a jana'izar matarsa bai samu ba. Malam Anjili bai ce ya yi haƙuri ba, bai taɓa shi ba, ya dai tashi ya ɗan sakaya ƙofar, ya bar ta yadda za a iya ganin waje.

Ba a warke ranar ba, kada wani ya ɗauka haka. Sau huɗu ya sake ba da labarin nan a makonnin da suka biyo, daga farko har ƙarshe, kuma kowane karo sai ya ɗan ƙara zama labari, abin da ya faru a wata Juma'a da ta wuce, ba abin da ke faruwa yanzu ba. Suka koma kan ƙwarya, ya aske ta tas. Malam Anjili ya ce ko zai yi tunanin gaya wa Ya Amsa da bakinsa, ya ce ko da wasa. Saura kwana kaɗan Kellu ta haihu, ya shigo ya tarar Malam Anjili ya cire tabarau ya yafa tawul a wuya.

"Wata huɗu ina tara maka sumar nan, Baba. Matata ta ce in ban aske ba in nemi wani gidan."

"Don ni ka bar ta?"

"To don wa? Kana gani kyau take min?"

"Ni na ɗauka..." Ya fasa. "In na yanke ka fa?"

"Asibiti muke."

Ya yanke shi kuwa, kaɗan, a bayan kunne, kuma sau uku yana tsayawa ya yi numfashi. Amma ya gama. Ya ja baya ya dubi aikinsa ya ce kan mutanen Biu duk tudu da kwari ne, ba laifin aska ba ne.

Kellu ta haifi namiji. Ranar suna da hantsi, bayan an yi addu'a an raɗa wa yaro suna Mele an yanka rago, aka ce wanzami ya shigo. Ba Konto ya shiga tsakar gida da zabira a kafaɗa. Mata sun cika wurin, ƙamshin turaren wuta ya tashi. A al'ada tsohuwa ce ke riƙe jariri a yi masa aski, kuma ba sai an gaya maka wadda ta zauna a kan tabarma da yaron a cinya ba.

Ya tsuguna a gabanta. Ya jawo ƙwaryar ruwa, ya jiƙa kan yaron, ya buɗe aska. Hannun ya kama rawa.

Ya dasa ƙafa, ya ja numfashi. Ƙwarya, sabulu, tabarma, kaskon turare. Na biyar ɗin idon Ya Amsa ne, yana kan hannunsa, kuma rawar ta ƙaru. Hirar mata ta fara yin ƙasa. Ya ga dai ranar da yake gudu ce ta zo, sai ya ji ya gaji da gudun. Ya sunkuya kamar mai duba kan yaro, ya yi ƙasa da murya yadda ita kaɗai za ta ji.

"Ya Amsa, faɗi abin da kika tara. Na san an gaya miki."

"Wa zai gaya min?" Ita ma a hankali ta yi maganar. "Ƙofar ɗakin da aka kulle mu tana da tsaga. Ni na tsaya a jikinta na tare, don kada yara su gani. Da idona na gani, daga farko har ƙarshe."

Ba Konto ya sauke askar.

"Na bar shi," ya ce. "Saboda Kellu."

"Kellu kaɗai ka sani. Kana tsammani Abatcha ya tsere ta gonaki? Yana bayana a ɗakin, na ɗaura masa zanena na sa masa hijabi. Ba ma faɗa, don yanzu magidanci ne. Da askarka ta ci mutumin nan ko da kaɗan ne, da sun buɗe ƙofar, kuma ka san abin da za su fara samu." Ta gyara wa jaririn kwanciya. "Ana yanka mijina, ni kuwa ba shi nake kallo ba. Hannunka nake kallo, ina cewa ya Allah ka riƙe hannun Konto, ya Allah kada ya motsa. Ban taɓa roƙon Allah abu kamar yadda na roƙe shi ranar ba. Har yau in na gan ka sai idona ya tafi can, ba ni na aike shi ba."

"Shekara shida ba ki faɗa min ba?"

"Kai ka faɗa min? Ina ce mu biyu muka yi shirun." Ta share ido da gefen mayafi, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Kai Wanzam, ka jiƙa wa yaro kai ka bar shi yana shan iska. Ashe halin nan naka yana nan?"

Mata suka yi dariya, hira ta dawo. Ba Konto ya dubi hannun. Yana rawa har yanzu, amma kaɗan, kamar na kowane tsoho. Ya jira shi, bai yi masa faɗa ba. Ya sake jiƙa kan, ya tallafe shi a tafin hagu, ya ji ɗuminsa da bugun maɗigarsa. Ya yi bismillah ya ɗora aska, gashin farko ya sauka a kan tsumma, baƙi, mai laushi. Yaron ya ɗan yamutsa fuska ya ci gaba da barcinsa.

"Kai Mele," in ji Ba Konto, aska na tafiya, "ka dawo ke nan. To tsaya in tuna maka ranar da aka yi mana kaciya ni da kai, in gaya wa mutanen nan wanda ya fara kuka."

"Ƙarya zai yi maka," Ya Amsa ta gaya wa jaririn. "Shi ya fara, garin duk an sani."

Ya ɗago zai musa, sai ya tarar fuskarsa take kallo.